Kano a Ƙarƙashin Fiffike

Duk sanda jirgin sama ya keto ta saman Nima, unguwarmu a birnin Ankara, har kwanon ɗakinmu ya yi rawa, sai raina ya ɓaci. Da ina yarinya ba haka ba ne. Da gudu nake fita tsakar gida, inda kakata ke suyar ƙosai, mu ɗaga kai tare.

"Takwara, ɗaga masa hannu," in ji ta, "wataƙila gida za shi."

Gida a bakinta Kano ne. Can ta baro ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta biyo kakanmu mai fataucin goro, don tana sonsa. Ni da na tashi da karatun littattafan soyayya, ba labarin da ya kai wannan daɗi a kunnena. Ta ce sun taso bayan ƙaramar salla, mota ta sauke su, wata ta ɗauka, ba su ga Ankara ba sai ana sayen raguna. Da wannan mudu take auna hanya har ta tsufa.

Kowace salla, in matan layinmu sun fitar da atamfar da za a ɗinka iri ɗaya, sai ta raba tata biyu. Ta ɗaura rabi, ta ninke rabi a cikin kwalla da kafur. Ba ta yarda a kai saƙo ba. Da hannunta za ta ɗaura wa ƙanwarta.

Baffana, babban ɗanta, mai shago a unguwar Adabraka, kusan kowane azumi yana Umra. In ta roƙe shi, sai ya durƙusa kamar na kirki.

"Mma, hanyar nan ta yi nisa. Ƙafarki ba za ta ɗauka ba. Bari damina ta wuce."

Damina ta yi ta wucewa, ruwa na cika babban kwalbatin unguwarmu yana janyewa. Ƙanwar ta rasu. Kakata ta daina ɗaga kai in jirgi ya wuce, ba ta kuma daɗe ba ta bi ta.

Bara na tafi Jidda, hawana na farko. A jikin kujerar gabana akwai taswira, da ɗan jirgi yana tafiya a kai. Ba a ma kwashe farantan abinci ba na ga sunan Kano a gefen fiffikensa. Shayina bai huce ba, wallahi!

Ashe haka baffa ya yi ta ratsawa ta saman kan innarsa shekara da shekaru, yana cin kaza, ya dawo ya durƙusa ya ce da uwarsa hanya ta yi nisa.

Yanzu ya tsufa, yana zaune a unguwar Kanda, 'ya'yansa duk suna Turai. Yakan yi mini ƙorafi ba sa zuwa. Rannan da na je, na gaishe shi da ladabi, na gyara masa filo, na ce, "Baffa, ai hanyar ce da nisa."

Kwallar tana ɗakina. Ban buɗe ba har yau.