Ashafa Mai Awo Ya Ɗaukaka Ƙara

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Hunkuyi a shekarun farko na mulkin kai ya san Ashafa mai awo. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don tun daga wajen mahauta ake jiyo shi yana yi wa dawa kirari sai ka ce ita ta haife shi. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga wata hula haɓar-kada da ta riga yawancin 'yan kasuwar zuwa duniya. Awo gado ne a wurinsa. Karatu kuwa ya yi na allo gwargwadon abin salla, daga nan kasuwa ta kira shi, shi kuma ya amsa da gudu.

Ba shi da gonar kirki, ba shi da shanu. Jakinsa ɗaya, shi ma sai an roƙe shi yake tafiya. Jarin Ashafa kaf sunansa ne. Manomi zai taso daga ƙauyen Taba da buhunan gero, ya jibge masa a rumfa, ya tafi harkokinsa bai ko waiwaya ba, don ya san abin da mudu ya auna shi za a faɗa masa. Mata masu tuwon sayarwa ma wurinsa suke zuwa, duk da ƙorafin da suke yi cewa gyaransa bai fi cikin cokali ba.

Aibinsa ɗaya, kwaikwayo. Ba wanda ya tsira. Tarin liman, tafiyar ɗan aiken hakimi, yadda maigidan tasha yake ƙirga fasinja da leɓe, duk yana da su a aljihu. Matarsa Lantana ta sha gaya masa cewa baki shi ke yanka wuya, shi kuma yakan ce nasa wuyan gajere ne, wuƙa ba za ta sami wurin zama ba.

Ana nan sai Sama'ila, ɗan ƙanwarsa da ya yi boko, ya sami aiki a gidan talabijin na Kaduna, wanda bai daɗe da buɗewa ba. Aikinsa shirya wani wasan kotu da ake nunawa mako-mako, da alƙali da ɗan doka da masu ƙara. Damuwarsa ita ce 'yan wasan nasa akawuna ne, ko kuka za su yi sai ka ji kamar daga takarda suke karanto shi. Da ya tashi shirya shari'ar wani mai awo maha'inci, sai ya tuna da kawunsa. Ya zo Hunkuyi da tsarabar sukari da ganyen shayi, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi buƙatarsa. Kafin ya rufe baki Ashafa ya aika a ɗauko masa rigarsa ta zuwa Juma'a.

A wurin gwaji aka fara samun tangarɗa. Sunan da aka ba shi a wasan Tanko. Alƙali ya yi ta kiran Tanko, Ashafa na tsaye yana kallon fitilun da aka rataya a sama, yana lissafin irin kananzir ɗin da suke sha. Aka maimaita, aka sake maimaitawa, bai amsa ba. Da Sama'ila ya gaji sai ya ce a bar masa sunansa kawai. Ashafa ya ce in dai haka ne a haɗa da garinsu, don mutanen Hunkuyi su ji an ambace su a Kaduna.

Tangarɗa ta biyu mudu ne. An kawo wani da aka bubbuge wa gindi har ya kusa taɓo baki, wai shi ne mudun ha'incin. Ashafa ya juya shi ya yi tsaki. Ya ce wannan cin fuska ne ga sana'a, makaho ma ya shafa zai gane, kuma ba maha'incin da ya san ciwon kansa da zai fito kasuwa da shi. Ya sa aka kawo lafiyayyen mudu da dawa a faifai, ya nuna musu yadda ake yi. Ka nutsa babban yatsa da rabin tafin hannu cikin mudun, ka tara tsororuwa a kai, ka ja mai saye da hirar ruwan bana, in ka zo juyewa ka ɗan karkata, tsororuwar ta koma kan tsibinka. Sama'ila ya ji daɗi har da tafi. Ya ce abin da yake nema ke nan, wasa ya yi kama da gaskiya.

Ya kuwa yi kama. A lokacin ba a ɗaukar wasa a ajiye, yadda ake yin sa haka ake ganin sa a akwatin talabijin nan take. Ashafa ya yi musu, ya yi rantse-rantse, aka kama shi da yatsa a mudu, ya faɗi yana tuba. Alƙalin wasan, wani tsohon malamin makaranta da aka naɗa wa rawani, ya yanke a ƙwace mudun a kuma yi masa bulala. Ɗan doka ya ja shi bayan labule, inda ba wanda ya taɓa shi, amma ihun da ya yi sai da mai riƙe da injin hoto ya leƙa ya gani.

Abin da Ashafa bai sani ba, Maiwada direba, wanda ke jigilar hatsi daga Hunkuyi, yana Zariya a yammacin nan. Akwai wani ɗan kasuwa a Tudun Wada da kan juyo akwatinsa ta taga jama'a su kalla daga waje, Maiwada kuwa yana sahun gaba. Kafin Ashafa ya dawo, labari ya riga shi har ya sha ruwa ya huta. Kuma da ya sauko daga mota, bayan doguwar tafiya a kan buhuna, sai ya taho yana ɗingishi yana dafe da ƙugu. Masu shakka a tasha suka dubi juna, shakka ta ƙare.

Ashafa ya yi bayani har yawunsa ya bushe. Mutanen Hunkuyi ba wai ba su san wasa ba ne. Sun san tashe, sun san 'yan kama, sun ga majigi. Amma a tashe kowa ya san gemun auduga ne, a majigi kuma baƙi ne suke yi. Wannan fa ga alƙali da rawani, ga ɗan doka da jar dara, an kira mutum da sunansa da garinsu, kuma cikin akwatin da ake karanta labaran gwamnati. Lantana kanta sai da ta ɗaga masa riga ta duba bayansa. Da ba ta ga shaida ba ta ce wataƙila ta kan riga aka yi. Abin da ya fi yi masa illa kuwa tambayar da Maiwada ya jefa a tasha, ta kama gari kamar wutar kara: in bai taɓa yi ba, a ina hannunsa ya iya?

Ranar kasuwa ta zo, Ashafa ya shimfiɗa tabarma ya jera kwanduna. Mutanen Taba suka wuce da jakunansu zuwa rumfar gaba, suna gaishe shi daga nesa irin gaisuwar da ake yi wa mai ƙyanda. Hajo mai tuwon tasha, wadda wurinsa take awo tun tana amarya, ta ratsa ta bayan rumfarsa kamar tana neman wani abu da ya faɗi. Ranar ba a ji kirarin dawa ba. Kasuwa ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. Kaji ne kaɗai ba su daina zuwa ba. Lantana ta fara sirka tuwon gidan da rogo.

Sai ya sake saka rigar Juma'a ya nufi Kaduna. Sama'ila ya saurare shi, dariya na cin sa yana dannewa saboda girman kawu. Ya ce abu mai sauƙi ne, zai sa a yi sanarwa cewa wancan duk wasa ne.

"Wa zai yi sanarwar?" in ji Ashafa.

"Mai karanta sanarwa mana, Kawu."

"Yana da rawani?"

"Ba shi da shi."

"To, ɗan nan, abin da alƙali ya ɗaure, marar rawani ba ya kwance shi. Ƙara na zo ɗaukakawa."

Sama'ila ya buɗe baki zai ce ba a ɗaukaka ƙarar wasa, sai ya tuna ba shi da labarin da zai nuna a mako mai zuwa. Ya ce ya yarda, amma sai da shaida, kuma ba akawu ba, mutumin da Hunkuyi ta sani. Mutum ɗaya ce ta faɗo wa Ashafa a rai, ita ce kuwa mai ratsawa ta bayan rumfa.

Ya sami Hajo a tasha tana tuƙa tuwo. Ya gaishe ta har da tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya, ta amsa ba ta ɗago ba. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, ta ajiye muciya. Ta ce ita ba ta taɓa cewa ya cuce ta ba, fasinjoji ne suka fara kiran tuwonta na dawar ɓarawo, ita kuma da bakin mutane take ci. Za ta je, amma ba mai sa mata magana a baki. Abin da ta sani za ta faɗa, daɗi ko ɗaci. Ashafa ya ce ya ji, ko da yake ya san ɗacin yana da ɗan yawa.

Ranar shari'a Maiwada ya cika motarsa da mutanen Hunkuyi, maza a kan buhuna, mata a gaba, aka tafi Tudun Wada kallo. Shi da ya kai labarin farko bai ga dalilin da zai sa wani ya riga shi na biyu ba. A Kaduna kuwa an ƙara wa tsohon malamin nan tsawon rawani, an ba shi alkyabba, ya zama babban alƙali. Aka kira Hajo. Ta shigo da wani tsohon kwano a ƙarƙashin mayafi, ta durƙusa ta gaida alƙali da Allah ya gafarta malam, ta ƙi tashi sai da ya ce ta tashi. Sama'ila ya gaya mata sau da yawa cewa wasa ne, ta ce ta ji, amma rawani rawani ne.

Ta ɗaga kwanon. Ta ce tun ranar da ta fara awo wurin Ashafa, ba ta taɓa kai hatsi gida ba tare da ta sake auna shi da wannan kwano ba, don ita ko ɗan'uwanta ba ta yarda da shi a kan dawa. Ashafa ya zaro ido, bai taɓa sanin haka ba. Ta ce ko sau ɗaya bai taɓa gazawa ba.

Da ta tsaya nan da an rabu lafiya. Sai ta gyara mayafi ta ci gaba.

"Amma, Allah ya gafarta malam, tunda gaskiya aka ce a faɗa, marowaci ne. Gyaransa ko kaza ba za ta gode ba. Ga surutu, ka zo awon tiya ɗaya sai ka ji tarihin kakansa. Kuma shekarar da aka yi fari ya sayar mini da gero mai ƙwari."

"Na canja miki shi, Hajo," in ji Ashafa, ya mance da ana kallonsa.

"Bayan na yi kwanaki ina zarya."

Babban alƙali ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa na rawa. Da ya sami kansa sai ya yi tambayar da ba ta cikin shiri, wadda Hunkuyi duka ta zo ji. Ya ce to in hannunsa tsarkakakke ne, a ina ya koyi nutsa yatsa a mudu?

Ashafa ya ce a wurin ubansa ya koya, ranar da uban ya nuna masa kuwa ya ce in ya taɓa yi bai yafe ba. Ya ce ba mai awon da bai san wannan ba, kamar yadda ba makiyayin da bai san hanyar kura ba. Sannan ya juyo ya fuskanci injin hoton, ya ɗaga mudu, ya ce mata su dinga kallon hannun mai awo, su bar kallon bakinsa. Alƙali ya soke hukuncin farko, ya ce a mayar masa da mudunsa, ya kuma shawarce shi da ya ji tsoron Allah wajen gyara.

A Tudun Wada, Maiwada ya juyo daga gaban akwati yana cewa shi dama tun farko bai yarda da zancen ba. Ba wanda ya tanka masa, don a motarsa za a koma gida.

Kasuwar da ta biyo baya, tun da hantsi jakunan Taba suka tsaya a rumfar Ashafa, aka jibge buhuna aka tafi ba waiwaye. 'Yan'uwansa masu awo wasu sun yi kwanaki ba sa amsa gaisuwarsa da kyau, don yanzu kowace mace in ta zo sai ta tsura wa hannu ido, hirar ruwan bana ba ta ɗauke mata hankali. Sama'ila ya sake aikowa daga baya, wai akwai shari'ar ɓarawon shanu, ko Kawu zai taimaka. Ashafa ya ce a gaya masa ya gode, ya nemi wanda ba shi da sana'a.

Hajo ta zo da rana tsaka, ta shigo ta gaban rumfa, ta ajiye ƙwaryarta. Ya auna mata, ya ɗebo gyara da 'yan yatsu uku kamar yadda ya saba. Ta tsaya ba ta ɗauka ba, ta ce ko ya mance abin da babban alƙali ya faɗa. Ashafa ya ce ai wannan wasa ne. Ta ce to in wasa ne, wanke shin da aka yi ma wasa ne, bari ta je tasha ta faɗa. Ya dube ta, ya dubi matan da suka yi layi a bayanta kowacce da ƙwaryarta, ya nutsa hannu biyu cikin dawa ya zuba mata, yana gunaguni cewa wannan hukuncin ya fi bulalar ciwo.