Zuwa Legas da Tsinke Ɗaya, Neman Takalmin Ɗaga Ƙarfe

Litinin: Zongo zuwa Seme

Ƙarfe biyar saura kwata muka fita daga gidanmu a unguwar Zongo ta Kwatano, ko salla ba a kira ba. Ni ce da Gwaggo Lami, ƙanwar mahaifinmu, mai fataucin atamfa tsakanin Kwatano da Legas. A jakata akwai katin dantite, wato katin shaida, da takardar fita mai hatimin delege, wakilin gwamnatin juyin juya hali a unguwarmu, da tsinken tsintsiya guda ɗaya da na ɗaure a jikin rular makaranta don kada ya karye. Tsinken nan shi ne awon ƙafar yayana Sani, shi ne kuma dalilin tafiyar.

Yaya Sani ɗan dako ne a tashar jirgin ruwa, yana kuma wasan ɗaga ƙarfe. Wata biyu da suka wuce ya ɗauki kilo ɗari da ashirin da takalmin kambas, ƙafarsa ta zame a ciki, gwiwa ta gurɗe. Ina wurin, na ji ƙarar da kunnena. Ya warke, amma mai horar da su ya ce ba zai hau dandalin gasa ranar Asabar ba sai da takalmin wasan, domin in gwiwar ta sake tafiya ba gasa kaɗai zai rasa ba, har dakon. Na zaga kasuwar gwanjo ta Misebo dila bayan dila, na shiga kantunan Ganhi inda masu jiran kanti ke kallona kamar na zo sata. Babu. Aka ce akwai wani dattijo a Legas mai ɗinka su. Shi Yaya yana sansanin 'yan wasa, ba a barinsu su ƙetare iyaka. Ranar Juma'a ya leƙo gida, ina wurin koyon tafireta, Inna ta auna ƙafarsa da tsinke kamar yadda ake yi wa duk wanda za a sayo wa takalmi ba ya nan.

A tasha muka yi salla, muka shiga fijo, mu takwas ban da direba. Shida da minti goma ya tayar. Kilomita talatin da 'yan kai ne zuwa Seme, bakin iyakar Najeriya, amma shinge huɗu muka tarar. A kowanne sai an fito, a jera, a miƙa takarda. A na uku jandarma ya karanta tawa ya ce, "Ziyarar dangi, kamarad?" Na ce e. Ba ni da dangi a Legas ko na rantsuwa, delege ne ya ce haka za a rubuta. Da muka koma mota Gwaggo ta mintsine ni.

"'Yar boko, ki daina kallon idonsu. Ƙasa ake kallo."

"Me na sata da zan kalli ƙasa?"

Direba ya ce, "Hajiya, wannan 'yar taki da bakinta za ta kwanar da mu a hanya."

Seme zuwa Idi-Araba

Awa biyu da rabi muka yi a kan iyaka. Gwaggo ta san kowa, wannan ta tambayi matarsa, wancan ta tambayi ciwon bayansa. Ni dai na bi zanenta kamar ɗan akuya. Sha ɗaya saura muka samu bas, muka wuce Badagiri, muka faɗa cunkoson da ban taɓa ganin irinsa ba. Wani soja ya sauko da direban wata mota a gabanmu ya sa shi tsallen kwaɗo a bakin titi, ba wanda ya ce uffan. Ni ma, a karon farko a rayuwata, ban ce ba.

La'asar sakaliya muka sauka Idi-Araba, gidan Hajiya Asabe, ƙawar Gwaggo. Ta ba mu tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta. Da ta ji abin da ya kawo ni ta riƙe haɓa.

"Takalmi? Duk takalman Kwatano sun ƙare ne?"

Talata: rumfar Baba Alao

Ƙarfe takwas muka kama hanyar babban filin wasa, tafiyar rabin awa. A bakin hanya Gwaggo ta tsaya gaban wani mai takalman gudu 'yan waje, farare tas, masu laushi kamar burodi. Ta matsa ɗaya da yatsa ta ce, "Ga abin arziki. Ki saya mu tafi, ƙafarsa ta huta." Na ce mata laushin ne ya kusa gurgunta shi. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin wanda katifa ta karya ba.

Rumfar tana bayan filin, ƙarama, warin fata da gam ya cika ta. Baba Alao Bayarabe ne, ya yi zaman Kano shekaru, Hausarsa ta fi tawa. Bai yi mini ciniki ba, karatu ya yi mini. Ya ɗora takalmi a gabana ya ce in danna tafinsa da babban yatsa. Na danna, ko gezau.

"In ya lotsa, ki ajiye, ko kyauta aka ba ki. Mai ɗaga ƙarfe ƙasa yake turawa. In akwai laushi tsakaninsa da ƙasa, ƙarfinsa can zai tafi."

Ya nuna mini dunduniyar, katako ne guda, tudunsa kamar kaurin babban yatsa, don mutum ya tsuguna har ƙasa bayansa a miƙe. Ya nuna mini maɗaurin fata da ke ratsa bayan ƙafa. Ya ajiye takalmin a kan tebur ya ture shi ta gefe, bai yi rawa ba. Sannan ya ce in kawo awon.

Na kwance tsinken. Ya zura shi cikin wani takalmi, ya yi daidai. Na sauke ajiyar zuciya, na fara buɗe jaka. Shi kuwa ya tsaya yana juya tsinken.

"'Yata, wa ya yanke wannan?"

"Innarmu."

"Uwa?" Ya ajiye shi. "Nawa ta ƙara?"

Tun muna yara Inna ba ta taɓa auna ƙafa ba tare da ƙari ba. Duk takalmin Salla sai ta ɗora yatsa biyu a kan awo, wai ƙafa na girma, mu yi ta cusa takarda a gaba har shekara ta zagayo. Yaya ya ba ashirin da biyar baya, amma wa ya gaya wa Inna? Ga rula a hannuna, mai lambobi, kwana biyu ina yawo da ita ban auna ƙafar da kaina ba. Na zagi kaina a fili.

Baba Alao ya jera na ƙasa da shi kusa da wancan. Gwaggo ta ce, "Ki ɗauki babban. Babba ana cusa tsumma, ƙarami sai dai kyauta."

Baba Alao ya girgiza kai. "Hajiya, wannan ba takalmin biki ba ne. In ƙafa ta sami wurin motsi ƙarƙashin kilo ɗari, gara kambas ɗin. In kuma ya yi kaɗan, ba ta shiga. Ni ban ga ƙafar ba. Ita ta san uwarta."

Ban san ko Inna ta ƙara a wannan karon ba. Mai yiwuwa Yaya ya hana ta. In ma ta ƙara, yatsun wa? Nata sirara ne, na Baba Alao kamar rogo. Na tsaya ina kallon takalma biyu har gumi ya jiƙa mini kallabi. Ba waya a gidanmu, ba lokacin dawowa canji, Asabar saura kwana huɗu. Na ɗora yatsuna biyu a bakin tsinken na karye shi. Baba Alao ya gwada tsinken, ya yi daidai da ƙaramin.

"Shi zan ɗauka."

"Allah ya sa ba ki jawo mana ba," in ji Gwaggo.

Na biya. Ya ce Yaya ya sa da safa marar kauri, ya ja maɗaurin har sai ya ji zafi kaɗan. Ranar ban iya cin abincin Hajiya Asabe ba.

Laraba: shingen bayan Seme

Bakwai muka bar Legas. Ƙarfe ɗaya muka gama da 'yan duwan, wato kwastan, waɗanda atamfar Gwaggo ta ɗauke wa hankali, ba su ko kalli jakata ba. Na ɗauka an tsira. Kilomita shida bayan iyaka muka tarar da sabon shinge, ganguna biyu da katako mai ƙusoshi, sojoji uku. Suka ce a sauke komai.

Wani dogo mai jan ido ya zaro takalman. Ya auna nauyinsu a hannu, ya ƙwanƙwasa dunduniyar da farce.

"Na wa?"

"Na yayana, kamarad. Ɗan wasa ne."

"Takardarki ta ce ziyarar dangi. Me ke cikin katakon?"

"Katako."

Gwaggo ta taka mini ƙafa. Sojan ya ce a irin wannan ake ɓoye zinariya, da takardun maƙiya juyin juya hali. Kowa a Zongo ya san wanda aka ɗauka kan takarda ɗaya, har yau matarsa na kai abinci ana dawo mata da shi. Sojan ya zaro wuƙa, ya kafa tsininta tsakanin fata da katakon, zai ɓanɓare. In ya raba su, babu mai mayarwa a Kwatano kafin Asabar.

Ban san sa'ad da na ce, "Kada ka tsaga!" ba. Fasinjoji suka ja baya, direba ya juya yana kallon daji. Na ce wa sojan da Faransanci, "Ka ɗora shi a kan kwalta ka buga da gindin bindiga. In akwai rami zai fashe, ka tafi da ni. In babu, ka ba ni abina."

Ya daɗe yana kallona. Ni ma na kalle shi, don wuyana ya ƙi sunkuyawa, ba don jarumta ba. Gaskiya ban san ko katakon zai ɗauka ba. Baba Alao ya ce yana ɗaukar mutum da ƙarfensa, bai ce komai kan bindiga ba.

Ya kifa takalmin ya buga. Na ji bugun a haƙorina. Ya sake, ya sake. Ya ɗaga ya duba: ɗan lotsi a gefe, shi ke nan. Ya yi wa ɗayan bugu biyu. Abokinsa ya yi dariya ya ce da irinsa suka samu a bariki da sun huta. Dogon ya jefa mini su.

"Ki ce wa yayanki ya ɗaga don juyin juya hali."

Na ce to. A mota, da muka hango gadar Kwatano, Gwaggo ta ce, "Daga yau ko kasuwar Dantokpa ba na zuwa da ke." Hannunta na cikin nawa, sanyi ƙalau.

Gida

Huɗu da rabi muka shiga Zongo. Yaya ya nemi izinin awa biyu, yana zaune a tsakar gida. Ban gaishe da kowa ba, na ajiye takalman a gabansa. Ya sa safa, ya tura ƙafa, ta tsaya a rabi. Ya ja, ya murɗa, ta ƙi.

Inna ta leƙo daga madafa. "Sun yi kaɗan! Ba tsinke na ba ki ba? Har yatsa biyu na ƙara masa!"

"Na sani. Na karye su."

"Kika yi me?"

Yaya bai kula mu ba. Ya sassauta igiyar har ƙasa, ya sake turawa, dunduniya ta faɗa da ɗan ƙara. Ya ɗaure, ya ja maɗaurin, ya miƙe. Na tambaye shi ko yatsunsa sun lanƙwashe. Ya ce suna taɓa gaba, amma a miƙe suke. Ya nufi ƙarfen da yake gwaji da shi a bayan ɗaki, sanda mai tayoyin siminti, ya ƙara mata nauyi har ta kai wanda ya kayar da shi. Na ce ya bari sai gaban mai horo. Bai ji ba.

Ban kalli ƙarfen ba, ƙafafunsa na kalla. Ya ja, ya faɗa tsugune, ya tashi, ya tura sama. Ƙafafun nan ko motsi, kamar an dasa su. Ya riƙe har na ƙirga uku, ya saki, ƙasa ta girgiza, kajin Inna suka watse. Ya shafa gwiwar, ya dube ni ya ce, "Zuwaira, sun zauna." Sai a lokacin na zauna a bakin rijiya na yi kukan da nake riƙe da shi tun Seme.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hajiya Asabe da tuwonta, da Baba Alao da tambayarsa, da Gwaggo Lami, wadda har yanzu ba ta amsa gaisuwata. Inna kuwa ta zagaya Yaya sau biyu, ta duƙa ta danna gaban takalmin, ta ce ita dai har gobe tana ganin sun matse yaron, kuma in ƙafarsa ta ƙara girma kada wanda ya zo wurinta.