Kanwar Jegon Zainabu

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayata Rakiya, amma duk ranar kasuwar Dakoro, idan rana ta yi sanyi, sai in ga kamar ita ce tafe tsakanin raƙuma, da ƙwaryar fura a ka, ba ta sauri.

Ta rasu wata biyu bayan ta haifi 'yarta Zainabu. An yi mata jego na gata: ruwan wanka mai tururi safe da yamma, kunun kanwa kuwa har sai ta ture. Ƙafafunta suka kumbura, gwaggonninmu suka ce jego ya karɓe ta. Daga baya kwanciya ta gagara, sai a zaune take samun numfashi.

Ni dillalin dabbobi ne, ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Sai da na kai wani abokin fatauci asibiti a Maraɗi lokotoro ya warware mini ciwon da ya ɗauke Yaya. Ya ce zuciya kamar raƙumin jan guga take: wata ƙarfinta ke ƙarewa, wata ta sandare ta ƙi cika. In ɓangaren hagu ya gaza, ruwa ya taru a huhu; in na dama ne, ya sauka ƙafa da ciki. Akwai kuma wadda ke kama mai jego, gishiri da kanwa suna ƙara mata kaya. Ana ba da ƙwayoyin da ke fitar da ruwan ta fitsari, da masu rage wa zuciya nauyi, masu ciwon da yawa kuma suna tashi.

Nakan ce, da Yaya ta ga yau, me za ta ce? Ina jin dariya za ta yi, ta ce ashe gata ma yana da ma'auni.

Makon jiya Zainabu ta haihu. Gwaggo Hajo, wadda ta yi wa Yaya wanka da hannunta, ta iso daga Korahane da ƙullin kanwa. Na tare ta, na ce kada a ba Zainabu.

"Kai da ka san haƙoran akuya, me ka sani a jego?" in ji ta.

Na ce, "Gwaggo, na san dabbar da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinta. Wanda ya taɓa rasa raƙumi a rijiya ba ya raina tsinkewar igiya."

Ta daɗe tana kallon ƙafafun Zainabu. Sannan ta miƙo mini ƙullin.

Yaya ba ta bar garke ba, ba ta bar gona ba. Ta bar 'ya, yau ga jika mai sunanta tana barci a ƙirjin uwar da ke kwance sosai, numfashinta lafiya lau. Allah Ya jiƙan Yaya. Kanwar kuwa, raƙumana sun lashe.