Rawanin da Baba Ladan Ya Ɗaura a Ƙugu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, cikin watan Sha'aban na 1968, Allah Ya karɓi ran mahaifina, Malam Ladan tamarji, wato mataimakin likita, a kan hanyar asibiti daga ƙauyenmu na kusa da Suki.

Baba, tun da ka bar aikin taimakon likita a Makwar, zaurenka bai rabu da masu ƙaba ba. Kai ka koya wa mutanenmu cewa ba iska ba ce, hanji ne ke leƙowa ta inda naman ciki ya yi rauni. Ka kwantar da hankalin maƙwabciyarmu Yalwa kan cibin jaririnta, ka ce yawanci da kansa yake rufewa. Ka kori kunyar manoman auduga masu ɓoye ta matsematsi a cikin babbar riga har ta sauka maraina. Ka ja kunnen mata kan 'yar ƙaramar nan ta saman cinya, ka ce ta fi saurin shaƙe hanji. Kullum maganarka ɗaya: "In ta ƙi komawa, ga amai, ku bar hawasha, gonar ba ta gudu, ku nemi lori zuwa asibiti."

To ni kishi nake yi, wallahi, ban ɓoye ba. Ni ne ɗan farinka, kunyar ɗan fari kuwa ta hana ka ko ambaton sunana. Ina kallo kana dafa cikin kowa, kana kiran 'ya'yan wasu da sunansu, ni sai "kai" ko "wancan".

Sai wurin wankan gawarka na ga rawani naɗe a ƙugunka, ya ci fata. Ashe shekaru kana tare taka ƙabar da shi! Amininka Sodangi ya sani, ni ban sani ba. Shi ka kira da ta shaƙe, alhali ina yanke auduga bayan gida, ko tari ka yi zan ji. A cinyarsa ka cika.

Na ce masa, "Baffa, bai bar mini magana ba?"

Ya ce, "Ya ce kada a tayar wa wancan hankali."

Haba Baba, har a nan ma wancan?

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya haskaka makwancinka. Ina yi wa Inna Hadizatu da ƙannena ta'aziyya, da Baffa Sodangi, ko da yake har yanzu ban iya kallon cinyarsa. Allah Ya haɗa mu a Aljanna, inda za ka kira ni Abdussalami.