Hannun da Ya Tura Jikana a Hawan Hada

Shekaru sun ja, abubuwa da dama sun zube daga ƙwaƙwalwata, har sunayen ɗaliban da na koyar sun soma ɓace mini. Amma akwai yini guda da ya ƙi gushewa, kuma na sakankance da shi za a kai ni makwancina: ranar da wani maƙwabcina ya ɗora hannunsa a bayan jikana a hawan dutsen Hada. Har yau idan na tuna, ƙirjina zafi yake ɗauka, ko da kuwa a lokacin na idar da salla.

A Hindawiyya aka haife ni, nan cikin Makka. Mahaifina daga ƙasar Kano ya taso, ya biyo ta Sudan, ya sauke farali, ya zauna. Ni kuwa koyarwa na yi har na ajiye aiki, kuma malaman da suka rene mu sun dasa mana cewa kowane al'amari yana da ƙa'idarsa, wanda bai san ta ba ya kame hannunsa ya tambaya. Saboda haka da jikana, ɗan babban ɗana, ya ce tseren keke zai mayar sana'a, ban yi na'am ba. A sanina keke abin aike ne, na kai burodi gidaje. Sai da ya zaunar da ni ya warware mini dokokin abin ɗaya bayan ɗaya, na ga ashe ilimi ne mai tsari, sannan na sa masa albarka.

Ƙungiyar da ta ɗauke shi ƙarama ce, a Jidda take. Ba ta cikin manyan nan na Turai da duniya ke kallo a talabijin. Akwai wani mataki a ƙarƙashinsu, inda matasa ke gewaya ƙasashe suna tsere babu mai sanin sunansu, suna kwana a ƙananan masaukai, suna wanke rigunansu da hannunsu. Yarjejeniyarsu ta shekara guda ce. Wanda bai nuna kansa ba kafin kakar tseren ta ƙare, sai a gode masa a ba wani gurbinsa.

A wannan kakar gaba ɗaya jikana hidima ya yi wa wasu. Shi ke komawa baya wurin motar ƙungiya ya cika riga da gorunan ruwa ya kawo wa jagoransu. Shi ke shiga gaba ya tare iska da ƙirjinsa domin jagoran ya tanadi ƙarfinsa, sannan idan an kusa ƙarshe ya kauce, ya ƙaraso a baya shi kaɗai. Duk lokacin da ya dawo gida a rame, baƙi wuluk, sai in tsokane shi.

"Wato kai ne mai shayar da alhazan ƙungiya?"

"Sidi," in ji shi, kamar yadda yaran nan ke kiran kakansu, "kai ma ai ka daɗe kana ɗauko wa shugaban makaranta alli kafin a ba ka aji."

Hausarsa a karye take, Larabci ya rinjaye ta, amma bakinsa da kaifi.

Tseren ƙarshe na kakar a gida aka shirya shi. Za a tashi daga wajen iyakar Harami, tunda cikin mahaya akwai waɗanda ba Musulmi ba, a ƙare a ƙolin Hada, kan hanyar Ɗa'ifa. Wannan dutse jikana ya san shi kwana-kwana, a kansa ya koyi hawa. Mai horar da su ya kira shi ya ce masa a ranar ba zai ɗauko wa kowa ruwa ba, kansa zai yi wa tsere. Idan ya shiga cikin ukun farko ya ci gaba da zama a ƙungiya, idan bai shiga ba gurbinsa na wani ne. Babu ɓoye-ɓoye a maganar, kuma na girmama mutumin a kan haka.

Ni da kaina na shirya motar da ta kwashi mutanen unguwa. Da daddaren jajibirin jikana ya roƙe ni abu guda: kada kowa ya taɓa shi. Ya ce mahayin da aka tura a hawa, dokar tsere na ɗaukarsa kamar wanda ya ci amana. Saboda haka da safe, kafin direba ya tayar da mota, na miƙe a bakin ƙofa kamar yadda nake miƙewa a gaban aji.

"Jama'a, ku yi ihu, ku yi tafi, ku yi addu'a iyakar ƙarfinku. Amma kada wanda ya kai hannu jikinsa ko kekensa. Ko kun ga zai faɗi, ku bar shi ya faɗi."

A kujerar gaba akwai maƙwabcin nan nawa. Ƙaƙƙarfan mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya zo aikin hajji tun da daɗewa ya zauna. Sana'arsa tura tsofaffi da marasa lafiya a keken guragu cikin Harami, daga ɗawafi zuwa Safa da Marwa. Ba mugu ba ne, wannan na shaide shi. Amma mutum ne da bai taɓa ganin wani yana haki ba face ya dafa shi, kuma bai taɓa sauraron magana har ƙarshenta ba.

"Haba Ustaz," ya ce, "ka mayar da mu 'yan aji ɗaya? Halas, shi ke nan, mun ji."

"Kai nake nufi musamman."

Motar ta kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba.

Muka sauka a wata kwana mai tsananin tudu, can kusa da sama, muka jeru a gefen titi. Birai na zaune a kan katangar hanya suna kallonmu, ƙasar Tihama kuma shimfiɗe a ƙarƙashinmu cikin hazon zafi. Muka jira har rana ta ɗaga. Sai motocin 'yan sanda suka wuce, sai wani mahayi baƙo shi kaɗai, bakinsa a buɗe. Jim kaɗan sai ga jikana. Shi ne na biyu, kuma babu kowa kusa da shi a baya, sai babur ɗin alƙalin tsere da ke biye da shi.

Ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba. Ya miƙe tsaye a kan feda, keken na rangaji dama da hagu, fuskarsa a murtuke, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni na san haka ake hawan tudu, domin ya nuna mini. Ba faɗuwa zai yi ba. Abin da ya shekara yana jira ne ke hannunsa, kuma da ƙafafunsa ya kamo shi.

Sai na ji murya a gefena: "Bismillah! Yalla, ɗan'uwa!"

Kafin in waiga mutumin nan ya faɗa titi. Ya dafa bayan yaron da tafin hannunsa, ya sunkuyar da kai, ya kama sassarfar nan da suke yi tsakanin korayen fitilu a wurin sa'ayi. Keken ya zabura gaba.

"Baba, sake ni!" jikana ya yi ƙara. "Sake ni, don Allah!"

Ya kai masa gwiwar hannu har keken ya kusa kifewa. Shi kuwa sai ya ɗauka kunya ce irin ta tsofaffin da yake turawa, masu cewa a bar su alhali suna so. Ya ƙara ƙaimi yana cewa, "Kada ka damu, ba nauyi, ba nauyi!" Na ɗaga sandata ina kiransa da muryar da ban san ina da ita ba, amma gwiwoyina ba su kai ni ko'ina ba. Bai sake shi ba sai da suka shanye kwanar baki ɗaya. Na dubi alƙalin da ke kan babur, na ga yana magana cikin na'urarsa.

Da mahaya suka gama wucewa muka hau mota muka ƙarasa sama. Jikana ya zo na biyu. Na same shi zaune a ƙasa ya jingina da tayar motar ƙungiya, bai ko cire hular kwano ba. Ya ce, "Sidi, alƙalai suna zama a kaina." Na gyara rawanina, na nufi rumfar alƙalai.

Na yi wa shugabansu magana da Larabcin littafi, irin wanda aka koya mana da bulala. Na ce ni kakan mahayin ne, na ga abin da idona, yaron bai nemi taimako ba, ya yi ƙara, ya kai gwiwar hannu. Mutumin mai natsuwa ne, ya saurare ni har na dire. Ya ce hoton da aka ɗauka ya nuna haka. Ya ce idan wani ɗan kallo ne can da ba shi da alaƙa da mahayi ya yi wauta, suna iya tsayawa a gargaɗi. Abin da ba sa yafewa shi ne taimakon da ya fito daga mutanen mahayin. Na ji sanyi ya fara sauka a zuciyata.

A daidai nan maƙwabcina ya kutso cikin rumfar, rigarsa jiƙe da gumi, fuskarsa cike da annuri.

"Ni ne!" ya ce da Larabcin kasuwa, yana bugun ƙirji. "Ni na haye da shi! Ɗan unguwarmu ne, a gabana ya girma. Mota ɗaya muka zo da kakansa, ga shi nan, ku tambaye shi. Wallahi da ban kama shi ba da bai kai ba!"

Shugaban alƙalan ya dube ni. "Gaskiya ne tare kuka zo?"

Ban taɓa yin ƙarya a gaban hukuma ba, kuma ban fara a ranar ba. Na ce gaskiya ne.

Aka ƙara wa jikana lokaci a matsayin horo, ya zame daga na biyu ya koma can baya. Wani ya hau dandamali a madadinsa. Na so in yi fushi da alƙalin nan, na nemi hanya ban samu ba, domin da ni ne a kujerarsa hukuncin da zan yanke ke nan.

A bakin mota na tare mutumin.

"Na ce maka kada ka taɓa shi, ko ban ce ba?"

"Ustaz, yaro zai faɗi ina kallo? Ni ba a yi ni haka ba."

"Ba faɗuwa zai yi ba! Ya roƙe ka ka sake shi, duk dutsen nan ya ji!"

"To ai kowa haka yake cewa. Ni dai don Allah na yi. Su riƙe kofinsu, ladana yana wurin Ubangiji."

Wannan kalma ita ce ta fi ƙona ni, kuma ita ke ƙona ni har yau. Ladansa. Yaro ya shekara yana ɗauko wa wasu ruwa a cikin rana domin yini guda, an ƙwace yinin daga hannunsa, shi kuwa wannan bawan Allah lissafin ladansa yake yi. Na juya masa baya na hau mota, muka sauko Makka.

Ƙungiyar ba ta sabunta yarjejeniyarsa ba. Mai horar da su ya ce ya ga abin da ya faru, ransa ya ɓaci, amma masu ƙungiyar sakamako suke dubawa, ba labari ba. Jikana ya nemi wasu, kowa ya cika gurbinsa. Yanzu gyaran kekuna yake yi a wani shago a unguwar Aziziyya, kuma ranar hutunsa yakan hau Hada shi kaɗai. Ya yafe wa mutumin tun tuni, har yana ce mini, "Sidi, ka bar shi, hannunsa ne ya fi kansa sauri." Ni ina gaishe shi, domin addini ya hana gaba. Iyakarmu ke nan. Shi kuwa har gobe a majalisar unguwa yana ba da labarin ranar da ya haye da yaro kan dutse.

A Ramalanan da ya wuce na je ɗawafi, gwiwoyina suka ƙi. Na tsaya ina mayar da numfashi, sai ga shi da kekensa na guragu, ya riga ya kamo hannuna.

"Hau, Ustaz. Kyauta ne, don Allah."

Na zare hannuna. Na ce, "Na roƙe ka?"

Na dogara sandata, na ƙarasa ɗawafina da ƙafafuna, a hankali, har aka kira salla.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne kyakkyawar niyya ba ta wanke ɓarnar wanda aka gaya masa gaskiya ya ƙi ji. Wani hakin da kake gani ba neman agaji ba ne, mutum ne ke kammala abin da ya wajaba ya kammala da kansa. Kafin ka miƙa wa ɗan'uwanka hannu ka tambaye shi, kuma idan ya ce ka sake shi, ka sake shi.