Yadda Yayana Ya Zaɓi Batir

Ƙanshin mangwaro ne ya tona min asirinsa, a watan da bishiyoyin Wurno ko fure ba su yi ba. Ina zaune bayan rumfar da Baba yake ajiye albasa, littafi a cinyata amma hankalina yana kan gajimare, sai ƙanshin ya ratso warin albasa ya iske ni, mai zaƙin ƙarya irin na alewar yara. Na leƙa. Yayana ne a tsugune, yana feso farin hayaki daga wani ƙarfe mai kama da tocila.

"Yaya, mi kaka sha?"

"Ba taba ba ce. Shisha ce ta aljihu, da batir take aiki. Tururi na kawai. In kin hwaɗa ma Baba, ni da ke."

Ban faɗa ba. Ba tsoronsa nake ji ba, tausayin wata yarinya nake ji a Rabah, wadda yake nema da aure, mai sanyin murya, tana kirana ƙanwarta tun ba a kai ko'ina ba. Mahaifinta malami ne da ya taɓa sallamar manemin babbar 'yarsa don kawai ya ga leɓensa ya yi baƙi. Yaya ya san haka sarai. Amma ya yi 'yan watanni a Sakkwato yana tsaron shagon wani, ya dawo yana ganin duk garinmu babu wayayye sai shi.

Da batirin abin ya fara mutuwa, ya ɗauke ni a babur ranar kasuwar Goronyo, ya ce wa Inna mayafi zai saya min. Mayafin bai ɗauke mu minti biyar ba. Sauran yinin a gaban teburin mai kayan waya muka ƙare.

Batiran dogaye ne kamar yatsa, masu launi iri-iri. Ban san komai a kansu ba a lokacin, shi ma bai sani ba, bambancin kawai ni na yi shiru. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki ɗaya ya jijjiga a tafin hannu, ya ajiye, ya ɗauki wani. Nan take na gane abin da yake yi. Haka Baba yake zaɓen albasa: mai nauyi ita ce cikakkiya, mara nauyi ta fara bushewa daga ciki. Yaya da yake raina sana'ar gidanmu, yake cewa warinta ba ya fita daga tufa, ga shi ita kaɗai ce ilimin da ya zo da shi kasuwa.

"Wanga ya hi nauyi," ya ce, yana ɗaga wani ja mai hoton wuta da lambobi zube a jikinsa.

"Alhaji, kai ka san kaya," in ji mai teburin. "Ba kowa ka gane wanga ba."

Yaya bai taɓa zuwa ko filin jirgi ba, amma kiran Alhajin nan da aka yi masa ya shige shi har ƙashi. Ya ɗauki biyu. A cikin cajoji kuma ya tsallake wata baƙa mara kwalliya, wadda aka ce tana tsayawa da kanta in batir ya cika, ya zaɓi mai fitilu kala-kala masu ƙyaftawa kamar motar biki. Wai cajar da take tsayawa da kanta raguwa ce.

A gida yakan jona ta a wutar solar ɗakinsa tun safe har la'asar. Batir ya yi zafi har ba a iya riƙe shi, shi kuwa yana murmushi.

"Taɓa ki ji. Ya ƙoshi."

Ba a jima ba ledar jikin ɗaya ta tsage a baki, haƙoran cajar sun ci ta. Na gan shi zaune yana ɓare ta da farce, a hankali, yadda muke cire busasshen ɓawo don albasa ta yi kyan gani a buhu. Ƙarfen ya fito fari tas yana sheƙi. Ya goge shi da gefen riga, ya ce yanzu ya fi kama da na ƙasar waje.

Ranar da zai je gaida mahaifin yarinyar, Inna ta haɗa ni da shi in kai wa uwarta turaren wuta. Ya sa sabuwar shadda ruwan sararin sama. Shishar a aljihun riga, wai ko zai buƙace ta a hanyar dawowa. Batirin nan da ya ɓare wa leda kuma, na ko-ta-kwana, ya jefa shi aljihun wando tare da makullan babur.

Ina cikin gida ni da yarinyar, muna leƙen zaure ta gefen labule, tana danne dariya da mayafi. Yaya ya cire takalmi, ya durƙusa gaban malam, ya fara jero gaisuwa da wata murya da ban san yana da ita ba. Durƙuson ne ya matse makullai a jikin batirin. Muka ji wani huci kamar an zuba ruwa a garwashi, sai hayaki ya taso daga cinyarsa, baƙi wannan karon, mai warin ƙonanniyar roba. Ya yi tsalle yana kakkaɓe wando, ya fizge rigar sama ya yar. Shishar ta faɗo, ta gangara kan tabarma har gaban malam.

Malam ya sa aka kawo ruwa, ya tabbatar ƙunar ba ta wuce fata ba. Sannan ya ɗauki abin, ya juya shi.

"Ɗana, wanga fa mi na?"

"Tocila ce, Malam."

"To, kunna muna mu ga haskenta."

Da ni ce da na ce ta lalace. Yaya ya karɓa ya danna. Ta yi ɗan tsaki, siririn tururi ya fito ta bakinta, ƙanshin mangwaro ya cika zauren. Yarinyar ta saki labule ta koma ɗaki, ban ƙara jin dariyarta ba.

Malam bai yi faɗa ba. Ya ara masa zane ya ɗaura a kan ƙonannen wandon, ya ce a gaida gida. Bayan kwana kaɗan saƙo ya iso wa Baba cewa a bar maganar. Baba ya saurara yana tsintar albasa, bai ɗago ba.

"Ko albasa aka ɓare ma riga, ruɓewa takai," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Yaya ya shekara yana cewa hannun maƙiya ne. Ya zargi wani saurayi ɗan ƙauyen Lahodu da shi ma yake son yarinyar, ya zargi bakin mutane, ya zargi ranar da aka zaɓa. Batirin kam bai taɓa zarginsa ba, ai mai nauyi ne.

Sai da na shiga kwaleji a Sakkwato, a ɗakin gwaje-gwaje, malamarmu ta yanka irin jan batirin nan mai hoton wuta a gabanmu. Wani ɗan mitsitsin batir ne a ciki, sauran duk yashi ne aka ɗura don ya yi nauyi a hannu. Ta ce ledar jikin batir ita ce kaɗai ke raba shi da duk ƙarfen da ya taɓa, kuma da na gaske ne cikakke ya haɗu da makulli a aljihu, wutar ba a wando za ta tsaya ba.