Na Ja Igiya a Kan Aikin Baba Sabo

Har gobe ban manta da ranar da na tsayar da layin haɗa motoci ba, a masana'antar harhaɗa motocin da na yi wa aiki. Lokacin ina ƙaramin mai duba inganci, watana huɗu da barin garinmu Zoza. Aikina shi ne in gwada notocin birki kafin mota ta wuce gaba.

Sabon manaja ne ya sa aka rataya igiya a saman layi. Ya ce duk wanda ya ga kuskure ya ja, aiki ya tsaya har a gyara. Foman ɗinmu kuma, mai kula da mu leburori, kullum da safe sai ya ce wanda ya rage yawan motocin ranar zai gamu da shi. Muka rasa maganar wa za mu kama, shi ya sa babu wanda ya taɓa kusantar igiyar.

Wata Talata da hantsi na tarar da notin tiyon birki yana motsi a mota uku a jere. Mai ɗaure shi kuwa Baba Sabo ne, mutumin Kwanyawa, aminin mahaifina, wanda ya samo mini aikin. A gida ba a koya mana nuna wa babba kuskurensa a gaban jama'a ba. Amma na tuna irin gudun da ake yi a hanyar Rogo ranar kasuwa. Mota ta huɗu na zuwa, na ja igiyar.

Ƙararrawa ta ɗauka, kowa ya juyo. Injiniya ya zo ya bincika, ashe sifanar da aka ba Baba Sabo ce awonta ya goce. Tana nuna noti ya ɗauru alhali da saura. Aka dawo da duk motocin da aka haɗa tun safe.

Manaja ya yaba mini a gaban kowa. Bayan azahar foman ya mayar da ni sashen wanke mota, wai na cika rawar kai. Na wuni ban san ko abin kirki na yi ko laifi ba. Baba Sabo kuwa, ko da aka wanke shi, kwana shida gaisuwa kawai yake amsa mini.

A na bakwai na durƙusa na ba shi haƙuri.

"Audu, daidai ka yi," ya ce. "Amma da ka raɗa mini, da ni zan ja ta da hannuna."

Na ce, "Baba, da za ka ja?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma bai sani ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, ga abin da na koya: gano kuskure a jikin mota ba shi da wuya. Wuyar ita ce faɗarsa a wurin da shugabanni suke magana biyu, kuma mai kuskuren mutum ne da kake jin kunyarsa.